Yadda za ka zaɓi kujerar ofis da ta dace da jikinka ba sai Aeron ba

Duk inda aka tada zancen kujera mai kyau ga mai wuni a gaban kwamfuta, sunan da za ka fara ji shi ne Aeron ta kamfanin Herman Miller na Amurka. Kuma gaskiya ba a banza ta yi suna ba, tun 1994 take kasuwa, Bill Stumpf da Don Chadwick ne suka zana ta, a 2016 aka sake mata gyara, ga ta da ƙarko ga iska na ratsa ta saboda raga ce gaba ɗayanta. Amma abin da yake damuna shi ne yadda mutane suke ɗaukar kuɗi masu nauyi su saye ta don kawai ita kowa yake ambata, ba su auna jikinsu ba, ba su zauna a kanta ko na minti goma ba, sai bayan 'yan makonni mutum ya fara jin ƙasan cinyarsa na ciwo ko ƙafa tana mutuwa, ya rasa me ke faruwa tunda ai "wadda ta fi kowace" ya saya. Kujerar lafiyarta lau, jikinsa ne da ita ba su dace ba.

Bari in faɗi dalili tukuna don sauran bayanin ya zauna. Wurin zaman Aeron raga ce da aka ɗame a jikin firam mai tauri, kuma ba a iya turo shi gaba ko a mayar da shi baya, tsawonsa ɗaya ne ba ya canjawa. Shi ya sa suka yi ta girma uku, A ƙarama, B matsakaiciya, C babba. In girman ya dace da kai kuma kai mai zama ne a miƙe ƙafa biyu a ƙasa, to ka more. In kuwa kana cikin masu naɗe ƙafa ɗaya a ƙarƙashin cinya, ko masu buɗe ƙafafu, ko ka faɗo tsakanin girma biyu, wannan firam ɗin zai dinga tokare ka duk wuni kuma babu wata liba da za ka taɓa ta gyara maka. Wannan ita ce matsalar, kuma ita ce ta sa nake ganin ya kamata mutum ya fara daga jikinsa kafin ya kai ga sunan kamfani.

Mataki na farko: ɗauko tef ka auna kanka

Samu kujera mai tauri mai shimfiɗaɗɗen wurin zama, ka zauna da irin takalmin da kake aiki da shi, in babu takalmi kake aiki to ka cire. Zai fi sauƙi in akwai wanda zai riƙe maka tef ɗin. Awo huɗu kake so, ka rubuta su a waya.

Na ɗaya, daga ƙasa zuwa bayan gwiwarka, wato inda ƙafa take lanƙwasawa. Wannan shi ne tsayin da wurin zama ya kamata ya tsaya. Yawancin kujerun ofis suna tashi ne daga wajen santimita 40 zuwa 52 ko kusa da haka, to in awonka ya gaza 40 ka san tun yanzu kana bukatar kujera mai gajeriyar silinda, wato bututun da ke ɗaga wurin zama ya sauke shi, ko matakin ƙafa, in kuma kai dogo ne sosai ka nemi wadda ake iya sa wa doguwar silinda.

Na biyu, kuma wallahi shi ne wanda aka fi mantawa da shi alhali shi ya fi komai muhimmanci a wurina: ka jingina bayanka da bango ko majingina sosai, a auna daga bangon zuwa bayan gwiwarka. Daga abin da ya fito ka cire santimita 5 ko makamancin haka, abin da ya rage shi ne zurfin wurin zaman da ya dace da kai. Dalili kuwa, in wurin zama ya yi maka tsawo bakinsa zai dinga danne bayan gwiwa inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke wucewa, jikinka da kansa zai guje wa wannan matsin ka sulale gaba, da ka sulale gaba kuwa shikenan ƙugunka ya rabu da majingina, duk tokaren bayan da ka biya kuɗi dominsa ya tashi a banza, kana zaune a kan kujera mai tsada amma bayanka a ranƙwafe yake babu abin da ke riƙe da shi. In kuma ya yi maka gajarta, rabin cinyarka na reto a iska, nauyinka duka ya taru a kan ƙasusuwan mazaunai, bayan awa biyu ka fara mutsu-mutsu.

Na uku, ka saki kafaɗa, ka lanƙwasa gwiwar hannu kamar kana rubutu, a auna daga wurin zama zuwa ƙasan gwiwar hannun. Na huɗu faɗin ƙugunka a zaune, da kuma tazarar da ke tsakanin gwiwoyin hannunka biyu idan ka sake su a gefen jiki ba tare da ka buɗe su ba.

Sannan ka auna tebur ɗinka, samansa da ƙasansa duka. Teburan aiki da yawa suna kaiwa santimita 73 zuwa 75, kuma ga mutane da dama wannan ya yi tsayi, sai ka ga mutum ya ɗaga kujera don hannunsa ya kai ƙafafunsa kuma sun bar ƙasa. In tebur ɗin yana da durowa a tsakiya ko ƙarfe a ƙasansa, ka auna zuwa nan, don akwai kujerun da hannayensu ba za su shiga ƙarƙashi ba, ka koma kana miƙa wuya da hannu daga nesa.

Mataki na biyu: lura da yadda kake zama da gaske

Ba yadda kake so a ce kana zama ba, yadda kake zama in aiki ya ɗauke maka hankali. Ka ɗan sa ido a kanka na kwana biyu ko uku. Kai mai sunkuyawa gaba ne kana buga kibod, ko mai kishingiɗa baya yana karatu da kallon allo? Kana naɗe ƙafa? Awa nawa kake yi a zaune a jere? Ɗakin da zafi ko da sanyi? Ina ne yake fara yi maka ciwo, kwankwaso ko wuya ko tsakanin kafaɗu ko ƙarshen ƙashin baya? Amsoshin nan su za su rage maka jerin kujeru daga ashirin zuwa uku.

Abu ɗaya da zan faɗa da babbar murya: in ciwon yana sauka daga ƙugu zuwa ƙafa, ko ƙafa na sagewa ko tana rasa ƙarfi, to likita za ka fara gani kafin mai sayar da kujera. Kujera mai kyau tana rage wahala amma ba magani ba ce.

Mataki na uku: san abubuwan da dole a iya daidaitawa

Kalmar nan ta egonomik, wato an ƙera abu don ya dace da jiki, da ake mannawa a jikin talla kowa na iya manna ta, don haka kar ta ruɗe ka, ka duba me kujerar take iya yi.

Wurin zama mai tafiya gaba da baya shi na sa a sahun farko saboda abin da na faɗa a sama. Bakinsa na gaba ya zama mai gangarowa ƙasa, ba mai kaifi ko mai ɗagowa sama ba.

Sai tokaren kwankwaso. Ƙashin bayan mutum a ƙasa yana da ɗan lanƙwasa zuwa ciki, kuma da ka zauna ƙugu yana son ya mirgina baya wannan lanƙwasar ta baje. Aikin tokaren shi ne ya cike wannan kwarin a hankali. Mai kyau ana iya ɗaga shi sama da ƙasa, wanda ya fi shi kuma har ƙarfin turawarsa ana ragewa a ƙara. Mutane da yawa suna zaton in ya fi turowa ya fi kyau, a'a fa, wanda kake jinsa kamar dunƙule a bayanka bayan rabin awa ya yi yawa. Ya kamata ya zauna daidai wajen da bel yake tsayawa ko ɗan sama kaɗan, ka ji an riƙe ka, ba ana tura ka ba.

Kishingiɗa ita ma a duba ta da kyau. Akwai kujeru masu araha da wurin zama da majingina a haɗe suke, in ka kwanta baya gaban kujerar ya tashi ƙafarka ta bar ƙasa. Abin da kake nema shi ne wadda majingina take tafiya fiye da wurin zama, galibi wajen ninki biyu, ta yadda za ka kishingiɗa tafin ƙafarka na nan a ƙasa. A samu abin murɗawa na ƙara ko rage taurin kishingiɗar gwargwadon nauyinka, da kuma abin tsayar da ita a inda kake so. Zama a miƙe cak kamar an kafa ka a digiri 90 duk wuni ba shi ne lafiya ba, ɗan kwantawa baya zuwa 100 ko 110 yana ɗora wani ɓangare na nauyinka a kan majingina ya sauƙaƙa wa ƙashin baya.

Hannayen kujera kuma, in ciwon wuya da kafaɗa ne damuwarka to nan za ka tsaya ka daɗe. Su tashi su sauka, wannan dole ne. Amma abin da aka fi raina shi ne shigowa ciki. In kai siriri ne ko kafaɗunka ba su da faɗi, hannayen kujeru da yawa sun yi maka nisa, sai ka dinga buɗe gwiwoyin hannu don ka kai gare su, kafaɗa ta wuni a ɗage, da yamma wuya ya riƙe. Nan awonka na huɗu zai yi amfani. Su kuma iya komawa baya don ka matso kusa da tebur ba su tokare bakinsa ba.

Raga ko soso? Raga tana da iska, ba ta tara zufa, amma dole sai da firam a kewaye kuma shi ne yake tokarewa. Soso mai kyau yana barin ka ka motsa yadda ka ga dama, sai dai ya fi riƙe zafi, kuma marar kyau yana lotsawa cikin 'yan watanni ka dinga jin katakon ƙasa. A ganina ga yawancin mutane haɗin da ya fi shi ne raga a baya, soso mai tauri a wurin zama. Kar laushi ya yaudare ka, kushin da ka nutse a ciki a minti na farko shi ne wanda zai gajiyar da kai a awa ta huɗu.

Madogarar kai kuwa ba kowa ke bukatarta ba. In kana kishingiɗa sosai kana karatu ko waya tana da amfani, in kai mai buga rubutu ne a zaune ba za ka ma taɓa ta ba, marar kyau ma turo kai take yi gaba.

Mataki na huɗu: ga waɗanda ya kamata ka gwada

Leap ta kamfanin Steelcase ita nake fara ce wa mutum ya zauna a kai in bai san daga ina zai fara ba. Ta fito a 1999, samfurin ta na biyu shi ya fi yawa yanzu. Wurin zamanta yana tafiya gaba da baya, bakinsa yana ɗan lanƙwasawa ƙasa in ka danna shi da cinya, majinginarta tana bin motsin baya, akwai abin murɗawa na musamman na taurin ƙasan baya, kuma in ka kishingiɗa wurin zaman yana sulalowa gaba kaɗan don kar ka yi nisa da tebur. Saboda yawan abubuwan daidaitawar nan tana karɓar jiki iri-iri. Inda wasu suke kuka da ita shi ne sosonta ba shi da kauri, masu ciwon ƙarshen ƙashin baya su zauna su daɗe kafin su yanke shawara.

Steelcase Gesture ta 2013 kuma hannayenta ne abin kallo, suna juyawa kusan kamar hannun mutum, su shigo ciki sosai su fita waje, su sauka ƙasa. Mai fama da kafaɗa, ko mai sauyawa tsakanin kibod da waya da kwamfutar hannu, ya fara da ita. Zurfin wurin zamanta ma kana zaune za ka murɗa shi ba sai ka tashi ba.

A gidan Herman Miller ɗin ma ba Aeron kaɗai ba ce. Embody ta 2008, wadda Bill Stumpf ya yi tare da Jeff Weber, wurin zamanta faffaɗa ne babu firam mai tokarewa a gefe kuma ana ƙara masa tsawo, majinginarta siririya ce daga sama tana barin kafaɗu su motsa. Mai naɗe ƙafa zai fi sakewa a kanta. Sai dai hannayenta sama da ƙasa da faɗi kawai suke yi, ba sa komawa baya, kuma ba ta da tokaren kwankwaso daban da za ka ɗaga, lanƙwasar majinginar gaba ɗaya ake daidaitawa, wasu tana yi musu daidai wasu sam. Akwai kuma Mirra 2 da Sayl.

Humanscale Freedom ta Niels Diffrient, ita ma 1999, tunaninta daban ne: an rage libobi, nauyin jikinka ne yake saita taurin kishingiɗar, madogarar kanta kuma tana matsowa ta tallafi kai yayin da kake kwantawa baya. Ta dace da wanda ya san ba zai zauna yana murɗe-murɗe ba. Amma in yadda take kishingiɗa bai yi maka ba, abin da za ka iya canjawa kaɗan ne.

Haworth suna da Fern, majinginarta doguwa ce mai laushin gefe babu firam mai tauri, da kuma Zody wadda ake iya saita tokaren kwankwasonta hagu daban dama daban.

Sai HÅG Capisco da Peter Opsvik ɗan ƙasar Norway ya zana a 1984, wadda ta fita daban da duk sauran. Wurin zamanta kamar sirdi yake, daga zaman mahayin doki ya ɗauko tunanin, za ka iya zama a kanta ta gaba ko ta gefe ko ka juya ka rungumi majinginar da ƙirji. In kana da tebur mai tashi da sauka tana tafiya da shi sosai don tana hawa sama ka yi rabin tsayuwa. Amma ba kujerar kishingiɗa a huta ba ce, kuma tana bukatar sabo.

Su kuma kujerun nan na masu wasan gem masu kama da kujerar motar tsere, ni dai ba na ba mai aikin awa takwas shawarar su. An kwaikwayi siffar ne daga kujerar da aka yi don ta riƙe direba kar ya watsu a kwana, shi ya sa gefunan wurin zaman suke ɗagowa su matse cinya, fukafukan sama kuma su turo kafaɗu gaba, ga filo da igiya a madadin tokaren kwankwaso na gaske, ga fatar roba mai zafi da take ɓarewa in ta kwana biyu.

In kuɗinka bai kai waɗannan manyan ba babu komai, ka ɗauki jerin abubuwan mataki na uku ka nemi ƙaramar kujera da ta cika su. Ka duba ko an gwada ta bisa ma'aunin BIFMA X5.1 na Amurka ko EN 1335 na Turai, ƙafafunta su zama biyar, silindarta aji na 4 in da hali, kuma ka karanta iyakar nauyin da aka ce tana ɗauka. Masu jiki sosai akwai ma'auni daban da aka yi dominsu, X5.11.

Mataki na biyar: zauna a kanta, kuma ka daɗe

Gani ya kori ji, kuma a sha'anin kujera zama ya kori gani. Kamar takalmi ne, lamba ɗaya amma wani ya shige ka wani ya matse ka, sai ka taka za ka sani. Ka je inda ake baje kolinsu da irin kayan da kake sawa wurin aiki, ka cire walat da waya daga aljihun baya, ka ware wa kowace kujera akalla minti 20, kar kunyar mai shago ta tashe ka.

Ga yadda za ka bi. Tura mazaunanka can ƙarshe har su taɓa majingina. Saita tsayi har tafin ƙafa ya kwanta a ƙasa, cinya a shimfiɗe ko gwiwa ta ɗan yi ƙasa da ƙugu kaɗan. Yanzu zura hannu tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarka, yatsu biyu zuwa uku su shiga ba matsi. Sannan ka gwada zura tafin hannu a ƙarƙashin cinya kusa da bakin, in ya ƙi shiga sam to akwai matsi a wurin, ka sauke kujerar kaɗan ka sake gwadawa. Kawo tokaren baya inda kwarin bayanka yake. Saki makullin kishingiɗa, ka murɗa taurin har ka kai inda za ka kwanta baya ba tare da ka tura da ƙafa ba kuma ba ka faɗa baya kwatsam ba, ka tsaya a tsakiya ka ga ko za ta riƙe ka a nan. Daga ƙarshe hannaye: saki kafaɗa tukuna, sannan ka ɗago su har su taɓa ƙasan hannunka, ba su ɗaga ka ba.

Bayan nan ka matsa gaban tebur ka yi kamar kana aiki, ka yi irin zaman nan naka na gaske da ka lura da shi a mataki na biyu, naɗe ƙafar ne ko sunkuyon ne. Duk wurin da ka ji ɗan tokari a minti na 15, ka sani a awa ta biyar ciwo ne. Lura kuma ko rigarka tana zamewa sama in ka kishingiɗa, alama ce majinginar ba ta tafiya tare da bayanka.

In babu halin gwadawa sai ta intanet, to kafin ka biya ka karanta sharaɗin mayarwa da kyau: kwana nawa aka ba ka, wa zai biya kuɗin dakon mayarwa, ana cire wani abu ko ba a cirewa. Ka ajiye kwalin har sai ka tabbatar. Sannan ka kwatanta awonka da lambobin da kamfanin ya rubuta, musamman zurfin wurin zama da tazarar hannaye.

Mataki na shida: in ta hannu za ka saya

Wannan hanya ce mai kyau ƙwarai, don manyan kujerun nan an yi su ne su daɗe, kuma ofisoshi in sun tashi ko sun sauya kaya suna sayar da su da yawa. Amma ka san garanti galibi na wanda ya fara saya ne, Herman Miller misali shekara 12 suke bayarwa amma ga mai saye na farko daga dillalinsu, ba ya biyo kujerar zuwa hannunka.

Kifa kujerar ka duba ƙasanta, akwai takardar da aka manna mai ɗauke da samfuri da ranar ƙerawa, in an ɓare ta ka tambayi dalili. Ɗaga ta ƙarshen tsayinta ka zauna na 'yan mintuna ka ga ko tana sauka da kanta, in tana sauka silinda ta mutu, ba babbar matsala ba ce ana canja ta amma a rage maka a kuɗin. Danna soson da babban yatsa a tsakiya, ya dawo nan take, in ya tsaya a lotse ya gama aiki. Raga kuma ka duba bakin da ta shiga firam ko ta fara zarewa ko ta saki. Girgiza hannayen, taɓa kowace liba ɗaya bayan ɗaya, kishingiɗa ka saurari ƙara, ƙugi kaɗan mai ne yake so amma ƙarar ƙas-ƙas daga cikin inji wani abu ne ya karye. In duk da haka Aeron ɗin ce ta dace da kai kuma kana so ka tabbatar da girmanta, sa yatsa a bayan saman majinginar ta ƙarƙashin leɓen firam, za ka ji 'yan ƙuraje, ɗaya A ne, biyu B, uku C.

Mataki na bakwai: bayan ta iso

Duba tayoyin. Masu tauri na kan kafet ne, masu laushi na roba su ne na tayil da katako da siminti, in ka sa masu tauri a ƙasa mai santsi kujerar za ta dinga gudu da kai kana riƙe ta da ƙafa ba ka sani ba, ga ƙarce ƙasa. Canja su ba wuya, fizgo su ake yi a tura sababbi, sai dai ka auna kaurin ƙarfen da yake shiga, yawanci milimita 11 ne amma akwai masu 10.

Ka sake saita ta daga farko kamar yadda ka yi a shago, sannan ka daidaita sauran kayan da ita. In bayan ka saita tsayi daidai da ƙafarka tebur ya yi maka sama, ɗaga kujerar har gwiwar hannu ta zo daidai da saman tebur sannan ka sa matakin ƙafa, kar ka bar ƙafa na reto. Saman allon kwamfuta ya zo daidai da ido ko ɗan ƙasa, nisansa wajen tsawon hannu. Mai aiki da laftof ya ɗora ta a kan wani abu ya haɗa kibod da maus daban, in ba haka ba duk kyan kujerar sunkuyo zai yi.

Ka ba jikinka mako ɗaya ko biyu, wanda ya saba zama a ranƙwafe zai iya jin baƙon abu a kwanakin farko, kuma abu ɗaya za ka dinga canjawa a lokaci guda ka ba shi yini kafin ka taɓa wani, don ka gane wanne ne ya gyara wanne ya ɓata. Kar ka kulle majingina, bar ta a sake tana bin ka. Kuma ka dinga tashi, Farfesa Alan Hedge na Jami'ar Cornell ta Amurka ya ba da shawarar a cikin kowane rabin awa a yi minti 20 a zaune, 8 a tsaye, 2 ana motsawa, ko ba ka iya bin sa daidai ba ka sa ƙararrawa a waya ta dinga tashinka. In kuwa mako biyu suka cika matsin bayan gwiwa ko ciwon ƙarshen ƙashin baya yana nan duk da ka gwada duk saitin, to ka mayar da ita tun kwanakin mayarwa ba su ƙare ba, ka gwada ta biyu a jerinka.